Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Ruwan Famfo

A wannan mako mun kawo muku tarihin Sarkin Kano Alhaji Abdullahi Bayero, Allah ya jiƙansa. Ɗan Sarki Abbas ne. Ya riƙe sarautar Ciroman Kano da hakimcin Bichi kafin ya hau gadon sarauta a 1926, ya yi mulki har zuwa rasuwarsa a 1953. Shi ne mahaifin Sarki Sanusi na ɗaya da Sarki Ado Bayero, kuma sunansa aka sa wa Jami'ar Bayero.

A zamaninsa En'e ce ke tafiyar da ayyukan birni. Harajin da aka tara ana ajiye kason En'e a Baitulmali. Duk shekara ana tsara abin da za a kashe, a ware albashi, a ware kuɗin ayyuka, sauran kuma a adana.

A lokacin mutanen birni da ruwan rijiya da na kududdufi suka dogara, kuma ruwan kududdufi yana kawo cututtuka. Sai Sarki da majalisarsa suka nemi a yi amfani da kuɗin da aka adana a kawo ruwan famfo da lantarki. Burinsu shi ne aikin ya shiga cikin ganuwa inda talakawa suke, kada ya tsaya a unguwar Turawa kaɗai. Masu kula da ayyuka a Ikko sun ga aikin ya yi tsada, amma En'e ba ta fasa ba. Aka kafa gidan ruwa a bakin kogin Challawa, aka binne bututu har cikin gari. A farkon shekarun 1930 ruwa ya iso. A ƙarshen mulkinsa kuma aka sake gina babban Masallacin Juma'a na cikin gari.

Abin da ya fi burge mu shi ne an tara kuɗin tun kafin a fara aikin, shi ya sa bai tsaya a rabi ba. Yau Kano ta ninka ta wancan lokaci sau da yawa, kuma yara da yawa sai sun ɗebo ruwa ko sun jira 'yan garuwa kafin su zo makaranta. Muna roƙon shugabanninmu su yi koyi da shi. Mu ma ɗalibai mu daina barin famfon makaranta a buɗe yana zuba.