Walter Plowright

Walter Plowright (20 ga Yuli, 1923 – 19 ga Fabrairu, 2010) likitan dabbobi ne kuma mai bincike ɗan ƙasar Ingila. An san shi da samar da allurar rigakafin bushiya, cutar shanu da ta daɗe tana cinye garkunan makiyaya a Afirka da Asiya. Ya yi aiki a Vom da ke Najeriya da kuma Kenya, kuma allurarsa ce ginshiƙin aikin da ya kawar da cutar daga duniya a 2011.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Plowright a garin Holbeach da ke yankin Lincolnshire. Ya kammala karatu a Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan a 1944, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma shiga sashen kula da dabbobi na sojan Birtaniya. Aikin soja ne ya fara kai shi Kenya.

Aiki a Afirka

A 1950 ya kama aiki da hukumar dabbobi ta gwamnatin mulkin mallaka a Kabete, kusa da Nairobi. A 1953 aka mayar da shi ɗakin binciken dabbobi na Vom, a jihar Filato ta yanzu, wanda aka kafa a 1924 domin yaƙi da bushiya. A 1956 ya koma Kenya, ya shugabanci sashen nazarin cututtuka a cibiyar binciken dabbobi ta Gabashin Afirka da ke Muguga.

Cutar bushiya

Bushiya cuta ce da ƙwayar bairos ke haddasawa, kuma tana da dangantaka da ƙyandar mutane. Saniyar da ta kamu takan yi zazzaɓi, ido da hanci su riƙa zuba, baki ya yi gyambo, sai zawo mai tsanani ya biyo baya. A garken da bai taɓa haɗuwa da ita ba, takan kashe mafi yawan shanun cikin 'yan kwanaki. Annobar da ta ratsa Afirka a farkon shekarun 1890 ta iso ƙasar Hausa, ta bar Fulani da dama babu ko saniya ɗaya.

Alluran da ake da su kafin ta Plowright suna da matsala. Wadda aka fi amfani da ita ana samar da ita ne daga jikin awaki, kuma takan sa shanu zazzaɓi, wani lokaci har ta kashe marasa ƙarfi.

Samar da allurar

A Muguga, Plowright da abokin aikinsa R. D. Ferris sun raini ƙwayar cutar a cikin ƙwayoyin halittar ƙodar maraƙi, a cikin kwalabe. Sun riƙa ɗauke ta daga wannan kwalba zuwa waccan. Bayan zagaye kusan 90, ƙwayar ta yi rauni har ba ta iya sa saniya ciwo, amma tana sa jikinta ya gina kariya. Allura ɗaya kan kare saniya iya tsawon rayuwarta, ta dace da kowane irin shanu, kuma yin ta da yawa ba shi da tsada. Raunin allurar shi ne ba ta jure zafi, dole a riƙe ta cikin sanyi har ta isa ruga. Sai wajen 1990 wasu masu bincike suka samar da nau'inta mai jure zafi.

Tasiri a Arewacin Najeriya

A 1962 aka fara gangamin rigakafi na haɗin gwiwa mai suna JP15 a Najeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, daga baya ya bazu zuwa wasu ƙasashen Afirka har 1976. Sannu a hankali allurar Plowright ta maye gurbin ta awaki. Malaman dabbobi kan yi wa saniyar da aka yi wa allura alama a kunne.

A karkarar arewacin Kano, kamar Dambatta da Bichi, inda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, lafiyar shanu ta shafi manomi kamar yadda ta shafi makiyayi. Takin garke ne ke riƙe ƙarfin ƙasa, shanun huɗa ke jan garma da amalanke, nono da mai kuma na shiga kasuwa.

Bayan gangamin ya ƙare, rigakafi ya ja baya, aka haifi maruƙan da ba su da kariya. Cutar ta dawo, ta yi mummunar ɓarna a Arewacin Najeriya a 1983. Wannan ya sa aka buɗe sabon gangami na nahiyar Afirka a 1986.

Sauran bincike

A 1960 Plowright ya gano bairos ɗin wata muguwar murar shanu, wadda suke ɗauka daga naman dajin nan wildebeest a lokacin haihuwarsa. Ya kuma nuna cewa wata irin kaska mai laushin jiki ce ke ɗauke da zazzaɓin aladu na Afirka.

Ƙarshen rayuwa

A 1971 ya zama farfesa a kwalejin da ya yi karatu, a 1978 kuma ya koma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Compton, ya yi ritaya a 1983. An zaɓe shi cikin ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society a 1981, ya kuma karɓi Kyautar Abinci ta Duniya a 1999.

An ga bushiya karo na ƙarshe a 2001, a jikin ɓauna a gandun dajin Meru na Kenya. Plowright ya mutu yana da shekara 86. A watan Yunin 2011 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar da kawar da cutar, wadda ta zama ta biyu da ɗan Adam ya kawar bayan agana.