Roy Orbison (1936–1988): Rayuwar Mawaƙi da Sake Rera Waƙar "Crying"

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Roy Orbison, ɗaya daga cikin fitattun mawaƙan kiɗan rok na Amurka, tare da mayar da hankali kan waƙarsa "Crying", wato kuka, wadda ya fara fitarwa a 1961, ya kuma sake rerawa a 1987. Manufar ita ce a nuna yadda waƙa guda, ba tare da an sauya baitocinta ba, take iya samun sabon nauyi idan rayuwar mai ita ta sauya.

2.0 Haihuwa da Tasowarsa

An haifi Roy Kelton Orbison ranar 23 ga Afrilu, 1936, a garin Vernon na jihar Texas, ya kuma girma a Wink, wani ƙaramin gari na masu haƙar man fetur. Tun yana makaranta ya kafa ƙungiyar kiɗa. A 1956 ya shiga kamfanin Sun da ke Memphis, inda Elvis Presley ya fara, ya fitar da "Ooby Dooby". Sai dai salon kamfanin na kiɗa mai zafi bai dace da muryarsa ba. Tauraronsa bai haska sosai ba sai da ya koma kamfanin Monument a ƙarƙashin Fred Foster, ya riƙa ɗaukar waƙoƙinsa a Nashville.

3.0 Shahara da Salonsa

Tsakanin 1960 da 1964 Orbison ya fitar da waƙoƙin da suka kafa sunansa: "Only the Lonely", "Running Scared", "Crying", "In Dreams" da "Oh, Pretty Woman". Abubuwa biyu ne suka bambanta shi da takwarorinsa. Na farko shi ne jigo. A lokacin da mawaƙan rok maza ke nuna isa da jarumta, shi kuwa ya rera kaɗaici da tsoro da raunin ɗa namiji a gaban soyayya. Na biyu shi ne zubi da tsari. Sau da yawa yakan kauce wa tsarin baiti da amshi da aka saba, ya fara waƙa da murya ƙasa-ƙasa, ya yi ta hawa har ya ƙare a ƙololuwa. A kan wannan tsari aka gina "Crying", wadda ya rubuta tare da Joe Melson, ta kuma kai matsayi na 2 a jadawalin Billboard. A dandali yakan tsaya cik, cikin baƙaƙen tufafi da baƙin tabarau, ya bar murya ta yi aikin.

4.0 Shekarun Jarrabawa

A 1965 ya koma kamfanin MGM, kasuwarsa kuma ta fara ja da baya a Amurka. A watan Yunin 1966 matarsa Claudette ta rasu a haɗarin babur. Bayan shekara biyu, a Satumban 1968, yana rangadin waƙa a Ingila, gobara ta cinye gidansa da ke Hendersonville a jihar Tennessee, manyan 'ya'yansa maza biyu suka rasu a ciki. A 1978 aka yi masa tiyatar zuciya. A tsawon waɗannan shekaru wasu ne suka riƙa cin moriyar waƙoƙinsa: Linda Ronstadt ta yi fice da "Blue Bayou" a 1977, Don McLean kuma ya kai "Crying" matsayi na 1 a Birtaniya a 1980.

5.0 Sake Rera Waƙoƙin

Kamfanin Monument ya karye a farkon shekarun 1980, ainihin faifan waƙoƙin Orbison suka maƙale cikin shari'ar kadarorin kamfanin. Mutumin da ya rera su ba shi da iko a kansu. Mafitar da ya samu ita ce ya koma ɗakin ɗaukar sauti ya sake rera su, aka fitar da su a 1987 cikin kundin "In Dreams: The Greatest Hits" na kamfanin Virgin. Hakan ya zo daidai da lokacin da fim ɗin David Lynch, "Blue Velvet" na 1986, ya gabatar da muryarsa ga matasan da ba su san shi ba.

A 1987 ɗin ne kuma ya sake rera "Crying" tare da mawaƙiyar Kanada k.d. lang domin fim ɗin "Hiding Out". Kalmomin ba su sauya ba, amma abubuwa biyu sun sauya. Waƙar da da can kukan mutum ɗaya ce ta zama ta muryoyi biyu masu karɓa wa juna, har mai sauraro ya ji kamar ɓangarorin biyu ne ke cikin rashin. Sannan mai rerawar ya tashi daga saurayi ɗan shekara 25 zuwa dattijo ɗan shekara 51 wanda ya binne mata da 'ya'ya biyu, kuma masu sauraro sun san haka. Waƙar ta ci lambar Grammy a 1989, bayan rasuwarsa.

6.0 Kammalawa

A 1987 aka shigar da Orbison Zauren Fitattun Mawaƙan Rok, a 1988 kuma ya haɗu da George Harrison, Bob Dylan, Tom Petty da Jeff Lynne a ƙungiyar Traveling Wilburys. Ana cikin wannan farfaɗowa ciwon zuciya ya yi ajalinsa ranar 6 ga Disamba, 1988, yana da shekara 52. Kundinsa na ƙarshe, "Mystery Girl", ya fito a farkon 1989, ya kuma samu karɓuwar da rabonsa da irinta tun shekarun 1960. Ga mai nazarin waƙa, tarihin "Crying" ya nuna cewa matani kaɗai ba ya ƙunsar ma'anar waƙa gaba ɗaya. Dole a duba wanda ya rera ta, da lokacin da ya rera, da kuma wanda ke riƙe da haƙƙin mallakar faifan.