Sergei Sokolov, injiniyan da ya gano tsagar da ke ɓoye a cikin ƙarfe

A shekarar 1929 layin dogo daga Zariya ya isa Ƙaura Namoda, tashar da ta zama matattarar gyaɗa da audugar yankin, har zuwa Zurmi da Shinkafi. Shekara guda kafin nan, a birnin Leningrad na Tarayyar Sobiyet, wani matashin injiniya ya fito da hanyar gano tsaga a cikin irin wannan ƙarfe ba tare da an fasa shi ba.

An haifi Sergei Sokolov a 1897 a lardin Saratov na Rasha. Ya kammala karatu a Cibiyar Fasahar Lantarki ta Leningrad a 1925, kuma a nan ya yi rayuwarsa ta aiki.

Duk mai sayen tukunya ya san yadda ake ƙwanƙwasa ta a ji ko ta tsage. Sokolov ya yi amfani da sautin da ya fi ƙarfin jin kunnen ɗan Adam. Yakan tura shi ta gefe guda na ƙarfe, ya auna abin da ya fito ta ɗaya gefen. Inda aka samu tsaga ko rami, sautin yakan raunana, sai aibin ya bayyana. Daga baya Floyd Firestone na Jami'ar Michigan a Amurka ya ƙera na'urar da ke sauraren amsa-kuwwar sautin, ya samu rajistar mallakarta a 1942.

Sokolov ya karɓi lambar yabo ta Stalin a 1942 da 1951, ya kuma rasu a 1957.

A yau da wannan fasaha ake duba layukan dogo, bututun mai, da fikafikan jiragen sama da ake ƙerawa da zaren kabon haɗe da danƙo, inda ɓawo kan rabu da ɓawo daga ciki alhali waje lafiya lau. Har ana binne siririn zaren gilashi mai ɗaukar haske a jikin gadoji, domin ya nuna lanƙwasa tun tana ƙarama.

Layin Ƙaura Namoda kuwa ya daɗe cikin rashin kulawa, ko da yake garin na da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya tun 1983. Ilimin gano ɓarna kafin ta ci rai ya kusa cika shekara 100. Ya dace masu zaɓe su tambayi wakilansu nawa kasafin kuɗi ke warewa domin duba gadojin da suke bi kullum, kuma yaushe aka duba su na ƙarshe.