Janar Murtala Ramat Muhammed da Gyaran Rundunar Sojan Nijeriya

An haifi Murtala Ramat Muhammed a birnin Kano ran 8 ga watan Nuwamba, 1938. Bayan ya gama karatun firamare a Kano, sai ya wuce Kwalejin Gwamnati ta Zariya, watau Barewa, makarantar da Yakubu Gowon ya riga shi shiga. Ya shiga aikin soja a 1958, aka aika da shi makarantar horon hafsoshi ta Sandhurst a Ingila, ya fito a 1961. Fannin sadarwa ya ƙware a kai, ya kuma taɓa aiki a Kwango cikin rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya.

A wancan zamani sojan Nijeriya duka-duka ba su wuce 10,000 da 'yan kai ba. Juyin mulkin Janairu na 1966, wanda aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa a cikinsa, da ramuwar gayyar da aka yi a watan Yuli, wadda Murtala yana cikin jagororinta, su suka wargaza wannan 'yar runduna. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, sojan Biyafara suka mamaye Jihar Tsakiyar Yamma cikin watan Agusta, sai aka ɗora wa Murtala nauyin kafa Runduna ta Biyu cikin gaggawa. Ya tattaro duk wanda zai iya riƙe bindiga, ya ƙwato Binin cikin 'yan makonni. Amma fa akwai tabon da tarihi bai goge ba, domin a watan Oktoba na wannan shekara sojojin rundunarsa suka kashe ɗaruruwan farar hula a Asaba. Haka kuma ya dage sai ya ƙetare Kogin Kwara da jiragen ruwa ya kama Anacha, alhali hedkwata a Ikko ta ba shi shawarar ya bi ta tudu, aka yi asarar mayaƙa masu yawa. Lalle ya ga abin da runduna marar isasshen horo take jawowa, da idonsa kuwa.

Kafin a gama yaƙi a Janairun 1970, yawan soja ya kai kusan 250,000. An ɗebi samari daga ko'ina, tun daga manyan birane har zuwa garuruwan bakin iyaka irin su Illela da Kalmalo, da yawansu kuwa ba su da ilmin zamani, horonsu ma na 'yan makonni ne. Barikoki ba su ishe su ba, saboda haka suka zauna cikin gari suna haya tare da jama'a, rigima ba ta ƙarewa tsakaninsu da farar hula. Albashinsu kaɗai yana cinye mafi yawan kuɗin tsaro, abin da ya rage bai isa sayen makamai da horarwa ba. Gowon ya san da wannan matsala, sai dai yana tsoron sallamar dubban mutanen da suka iya harbi ba tare da wata sana'a ba. Tsoron nasa kuwa ba na banza ba ne.

Ran 29 ga Yuli, 1975, aka hamɓare Gowon yana wurin taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala, aka naɗa Murtala shugaban ƙasa. Bai ɓata lokaci ba. Ya yi wa shugabannin rundunoni da manyan janarori ritaya, ya sauke gwamnonin jihohi 12 baki ɗaya, ya naɗa Theophilus Danjuma shugaban sojan ƙasa. Sababbin gwamnonin kuma ya cire su daga Majalisar Ƙoli ta Soja, ya mai da riƙon jiha aikin soja kawai, wanda ake tura hafsa a kuma dawo da shi. Wannan ya karya lagon gwamnonin da a da suka zama tamkar sarakunan yanka. Sa'an nan ya tunkari babban aikin, watau shirin sallamar soja kimanin 100,000.

A nan ne gizo yake saƙar. Ga mutumin da ya taimaka wajen kumbura runduna, shi ne kuma ya ɗauki wuƙar rage ta. Ƙananan hafsoshin da suka sami girma a fagen fama suna ganin su za a fara kora. Ƙarin girman da aka yi a Janairun 1976, inda Danjuma ya zama Laftanar Janar ya haye kan Manjo Janar Iliya Bisalla, Kwamishinan Tsaro, ya ƙara rura wutar. Murtala kuwa yana yawo a Ikko ba jerin gwanon motoci, ba masu gadi.

Ran Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, kwana goma bayan ya ƙara yawan jihohi zuwa 19, ciki har da Jihar Sakkwato, mutanen Laftanar Kanar Buka Suka Dimka suka harbe shi cikin cunkoson motoci yana kan hanyar zuwa ofis. Yana da shekara 37, mulkinsa kuma bai wuce kwana 200 ba. Juyin mulkin bai yi nasara ba, aka yanke wa Bisalla da Dimka hukuncin kisa, gwamnati ta kuma bayyana cewa shirin rage soja yana cikin ƙorafe-ƙorafen masu makircin. Obasanjo da Danjuma suka ci gaba da sallamar, amma sannu a hankali, har zuwa lokacin da aka miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari ran 1 ga Oktoba, 1979, ranar da Murtala ya tsayar tun yana raye. An rufe shi a Kano. Allah Ya jiƙansa.