Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Darasin Doki

An haifi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a shekarar 1781, ya tashi cikin malamai da makiyaya, mutanen da alƙalami da saniya suka fi doki yawa a hannunsu. Yana saurayi aka yi karon Tabkin Kwatto a 1804, inda jama'ar Shehu, da dawaki kimanin ashirin, suka fuskanci barade da 'yan lifidan Sarkin Gobir Yunfa. 'Yan baka ne suka karya rundunar Gobir a ranar. Nan Bello ya ga cewa yawan ingarmu ba ya tsare mai shi idan zukatan mahaya ba su haɗu ba.

Sai dai bai raina doki ba. Bayan ya kafa birnin Sakkwato a 1809, ya kuma gaji mahaifinsa a 1817, ya tarar da ƙasa mai faɗin da dakaru ba za su iya karewa a ƙafa ba. Saboda haka ya gina ribaɗoɗi a kan iyaka, ya kwaɗaitar da Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya su kiwata dawaki. Wannan kiwo kuwa yana son harawa da dawa da ruwa kullum, wato yana tilasta wa mai shi noma, haƙuri da tanadi.

Ya girbi amfanin haka a Gawakuke a 1836, inda ya rinjayi haɗakar Gobirawa, Katsinawan Maraɗi da Abzinawa. Ya rasu a ribaɗinsa na Wurno a 1837, can kuma aka binne shi.