Nana Asma'u: Malamar da ta karantar da matan karkara ta hanyar waƙa

An haifi Nana Asma'u a Ɗagel a shekarar 1793, ita da ɗan tagwayenta Hassan. Mahaifinta, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, haifaffen Maratta ne, kusa da Galmi a jihar Tawa ta yau, ba nisa da Madawa. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, saboda haka cikin yaƙi ta tashi. Daga baya ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Bayan jihadi, matan ƙauyuka da yawa ba su iya karatu ba, bori kuma bai saki jama'a ba. Asma'u ba ta jira su koyi Larabci ba. Ta tsara musu ilimi cikin waƙoƙin Fulatanci da Hausa: tauhidi, sallah, yabon Annabi da tarihin salihan mata. Ta naɗa dattijai mata da ake kira jaji, ta ba kowace malfa da jan rawani, irin alamar da aka san Innar Gobir, shugabar bori, da ita. Wannan dabara ce babba.

Jaji kan jagoranci ayarin mata zuwa Sakkwato, su haddace waƙa, su koma gida suna rerawa tare har maƙwabta su ɗauka. Su ne 'yan taru.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta.