Charles de Foucauld: Mutumin da Ya Juyo, Ya Rayu

Karatun yau: Ezekiyel 18:21-32, Yowel 2:12-27

Ɗan'uwa mai karatu, idan ka tashi daga Agadas ka bi hanyar Arlit da Assamaka, ka ƙetare iyaka a In Gezzam, za ka isa Tamanrasset a kudancin Aljeriya. Hausawa da yawa sun san wannan hanya, wasu don fatauci, wasu don neman aiki. Bayan garin akwai manyan duwatsu baƙaƙe da ake kira Ahaggar. A cikinsu akwai ƙauyuka masu lambuna kamar Ideles da Tazruk, inda sanyin dare yake shiga har ƙashi. Ƙasar Abzinawa ce, waɗanda da yawanmu muke kira Buzaye. A wannan ƙasa wani Bafaranshe ya yi shekaru 11 na ƙarshen ransa, a nan kuma aka kashe shi. Ina so in ba ka labarinsa, gama abin da annabi Ezekiyel ya yi shela a kai ya faru da shi a fili.

An haifi Charles de Foucauld a birnin Strasbourg ran 15 ga Satumba, 1858, a gidan masu sarauta da dukiya. Kafin ya cika shekara 6 uwarsa ta rasu, bayan 'yan watanni ubansa ya bi ta. Kakansa na wajen uwa, tsohon kanar na soja, ya ɗauke shi tare da ƙanwarsa. Tsohon ya ƙaunaci yaron ƙwarai, har ba ya iya hana shi kome. An yi masa baftisma, an koya masa addu'a, amma yana wajen shekara 15 ya daina gaskata Allah. Bai yi faɗa da ikkilisiya ba. Ya karanta littattafan masu shakka, ya ga kamar ba wanda zai iya sanin gaskiya, sai ya juya baya ya yi tafiyarsa. Daga baya shi da kansa ya lissafta shekarun nan, ya ce 12 ne.

A 1876 ya shiga makarantar hafsoshi ta Saint-Cyr. A 1878 kakan ya rasu, ya bar masa gādo mai yawa. Ka san labarin ƙaramin ɗa a Luka sura 15, to, haka Charles ya yi. Ci da sha, caca, tufafi masu tsada, liyafa da mata. Abokansa suna yi masa ba'a saboda ƙiba. A makarantar sojan doki ta Saumur su 87 suka gama, shi ne na 87. Da aka tura rundunarsa garin Setif a Aljeriya, ya tafi da farkarsa. Manyansa suka ce ya sallame ta, ya ƙi. A watan Maris na 1881 aka tuɓe shi daga aiki saboda rashin biyayya da lalata a bainar jama'a. Danginsa kuma suka kai maganar kuɗinsa kotu, aka naɗa wanda zai riƙe masa abin da ya rage, don kada ya cinye duka.

Ka lura, gargaɗi ya zo masa sau da yawa. Soja sun kore shi, kotu ta ɗaure hannunsa, dangi sun ji kunyarsa. Duk wannan ya gyara masa hali kaɗan, amma bai taɓa zuciyarsa ba. Ya koma soja ya yi yaƙi a kudancin Oran da jaruntaka. Ya ajiye aiki a 1882. Daga Yuni 1883 zuwa Mayu 1884 ya ratsa ƙasar Maroko a ɓoye, cikin shigar malamin Yahudawa, yana auna hanyoyi da duwatsu, yana rubutu a ɗan littafin da yake ɓoyewa a tafin hannu. Ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Faris ta ba shi lambar zinariya a 1885. Wanda aka kora jiya ya zama abin yabo. Mutane da yawa a nan suke tsayawa. Sun bar giya, sun sami aiki, ana gaishe su da ladabi a kasuwa, sai su ɗauka sun tuba. Annabi Yowel ya san irin wannan, shi ya sa ya gaya wa mutanen Yahuza cewa yage riga ba wuya, zuciya Ubangiji yake so a yage.

Abu biyu suka fara yi masa aiki a zuciya. Na fari, a Aljeriya da Maroko ya ga Musulmi suna tsayawa salla a tsakiyar hamada, talakawa da matafiya, suna sa goshi a ƙasa sau biyar a yini. Ya faɗa daga baya cewa ganin mutane masu zama a gaban Allah haka ya girgiza shi, ya nuna masa akwai abin da ya fi shagalin duniya. Na biyu, da ya koma Faris a 1886, gidan 'yar'uwar ubansa suka karɓe shi ba tare da gori ba. 'Yarta, Marie de Bondy, mace mai tsoron Allah, ba ta yi masa wa'azi ba. Ta dai zauna da shi da alheri, yana ganin zamanta. Sai ya fara tunani, idan mace mai hankali haka ta gaskata, watakila bangaskiya ba wauta ba ce. Ya riƙa shiga majami'u shi kaɗai, yana zama a kujerar baya, yana roƙon Allahn da bai tabbata yana nan ba, cewa in yana nan ya bayyana masa kansa.

A ƙarshen Oktoba 1886 ya tafi majami'ar Saint-Augustin wurin wani firist mai suna Henri Huvelin. Ya ce ba shi da bangaskiya, koyarwa kawai yake nema, a amsa masa tambayoyinsa. Huvelin bai shiga muhawara da shi ba. Ya ce masa ya durƙusa ya furta zunubansa ga Allah. Charles ya ce ba abin da ya kawo shi ke nan ba. Huvelin ya sake faɗa. Sai ya durƙusa. Yana da shekara 28.

Charles ɗan ɗarikar Katolika ne, kuma na san wasu masu sauraronmu ba sa furta zunubi a gaban firist. Kada wannan ya ɗauke maka hankali daga abin da ya faru. Mutum mai girman kai ya zo don a yi gardama, ya ƙare yana kiran zunubansa da sunayensu, ya tashi da tabbacin an gafarta masa. Wannan shi ne abin da Ezekiyel sura 18 take koya mana. Annabin yana magana da mutanen da aka kwashe zuwa Babila, waɗanda suke cewa laifin kakanninsu ne ya jawo musu masifa. Ubangiji ya ƙi wannan hujja. Kowa zai amsa nasa. Amma a cikin sura ɗin nan mai zafi ya bayyana cewa mutuwar mugu ba ta faranta masa rai, kuma mugun da ya juyo ba za a tuna da laifofinsa na dā ba. Charles yana da hujja in yana so: maraya ne, kaka ya sangarta shi, kuɗi sun zo masa da ƙuruciya. Ranar nan bai kawo ko ɗaya ba.

Haka gargaɗin annabawa yake. Yunana ya ba Nineba kwana 40. In da Allah hallaka kawai yake nufi, me zai sa ya ba da kwanaki? Irmiya ya koyi wannan a gidan maginin tukwane, cewa al'ummar da aka yi wa shelar rushewa, in ta juyo, Ubangiji zai janye masifar. Duk lokacin da ka ji maganar hukunci daga bagade ko daga rediyo, ka sani ƙofa tana buɗe tukuna, gama ba a yi wa matacce kashedi.

Daga nan rayuwarsa ta yi ta gangarawa zuwa ƙasƙanci, da son ransa. A 1890 ya ba da dukiyarsa, ya shiga gidan masu zuhudu a Faransa, sa'an nan a Akbes ta ƙasar Siriya ta wancan zamani. A 1897 ya tafi Nazarat ya zama bara a gidan mata masu zuhudu, yana shara, yana kai saƙo, yana kwana a rumfar ajiye kayan lambu. Ran 9 ga Yuni, 1901, aka naɗa shi firist, ya roƙa a bar shi ya koma hamada.

A Beni Abbes, kusa da iyakar Maroko, ya tarar da abin da ya ƙona masa rai. Faransa ta haramta bauta tun 1848, amma ga bayi a gonakin dabino, da yawansu an kawo su daga ƙasashen kudu da hamada, hafsoshin Faransa kuwa sun kau da kai don kada su ɓata da masu bayin. Bayi suna zuwa ƙofarsa kowace rana. Ya fanshi kaɗan da ɗan kuɗin da ake aiko masa. Ya kuma ɗauki alƙalami a 1902 ya rubuta wa manyansa, yana jan hankalinsu ga Ishaya sura 56, inda annabi ya kwatanta matsaran Isra'ila da karnukan da ba sa haushi, da Ezekiyel sura 34 a kan makiyayan da ba su kula da tumaki ba. Maganarsa ita ce ikkilisiya ba ta da izinin yin shiru. Aka ce masa ya bi a hankali. Ka ga, wanda aka gafarta wa ya zama mai tsaro a kan garu. Yakan yi mini nauyi in tuna da wannan, gama sau nawa muke ganin zalunci a unguwa, a wurin aiki, har a cikin ikkilisiya, mu ce ba ruwanmu.

A watan Agusta 1905 ya isa Tamanrasset. A lokacin bukkoki ne kamar 20. Sarkin Abzinawan Ahaggar, Musa ag Amastan, ya yarda masa ya zauna. Ya gina ɗan ɗaki dogo marar faɗi, ya shiga koyon harshensu, Tamahak. Ya rubuta ƙamus mai shafi fiye da 2,000 da hannunsa, ya tattara waƙoƙinsu kimanin baiti 6,000, ya juya Bishara zuwa harshen. Mata da yara suna zuwa neman allura, magani, da hatsi.

A 1907 fari ya kama ƙasar. Ya rarraba abincin da ya ajiye har ya ƙare. A Janairu 1908 ya kwanta ciwo, ba ya iya motsi, ya ɗauka mutuwa ce. Abzinawan nan, Musulmi, waɗanda su ma yunwa take ci, suka bi makiyaya suka nemo awakin da suke da sauran nono, suka yi ta kawo masa har ya tashi. Ya zo yana ganin shi ne mai bayarwa. Ubangiji ya kwantar da shi don ya koyi karɓa daga hannun talakawa. Wannan ma wata irin tuba ce, kuma ta fi wa mai hidima wuya.

Ba zan ɓoye maka raunin mutumin ba. Ya kasance ɗan zamaninsa, tsohon hafsa mai ƙaunar tutar ƙasarsa. Babban abokinsa, Laperrine, shi ne kwamandan sojan Faransa a hamada, kuma Charles yakan rubuta wa hafsoshi labarin abin da yake faruwa a yankin. Ya tsauta wa 'yan mulkin mallaka a kan zalunci da kwaɗayi, ya yi musu kashedi cewa mulkin da aka gina a kan cin amanar mutane ba zai daɗe ba, Aljeriya kuwa ta sami 'yanci a 1962. Amma shi kansa mulkin bai ga laifinsa ba. Har yanzu akwai 'yan Aljeriya da suke riƙe da wannan a kansa, kuma suna da dalili. Wanda ya durƙusa a 1886 bai gama buƙatar gafara a ranar ba. Kai ma ba ka gama ba, ni ma haka.

Yaƙin duniya na fari ya kai har hamada. 'Yan Sanusiyya daga Libiya suka tasar wa Faransa. Charles ya gina ɗan ganuwa a Tamanrasset don mutanen ƙauyen su sami mafaka, soja kuma suka ajiye bindigogi a ciki. Ran 28 ga Nuwamba, 1916, ya gama aikin waƙoƙin. Bayan kwana uku, ran Jumma'a 1 ga Disamba da yamma, wani da ya sani ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce wasiƙu ne suka iso. Da ya miƙa hannu aka fizgo shi waje, aka ɗaure shi a durƙushe. Maharan sun so su tafi da shi ne a raye. Sai ga sojoji biyu a kan raƙuma, harbi ya tashi, yaro ɗan shekara 15 da aka sa ya tsare shi ya firgita ya harbe shi a ka. Paul Embarek, ɗaya daga cikin bayin da ya fansa a Beni Abbes, yana wurin, shi ya ba da labarin. A cikin watan nan ne kuma Kawsan ya kewaye sansanin Faransawa a Agadas.

Ya mutu yana da shekara 58. Ya daɗe yana addu'a Allah ya ba shi abokan aiki, ba wanda ya zauna da shi. Ba Ba'abzine ko ɗaya na Ahaggar da ya bi shi zuwa bangaskiyarsa. Yowel ya yi alkawarin cewa Ubangiji zai mayar da shekarun da fara ta cinye, amma Charles bai ga girbin da idonsa ba. Sai a 1933 aka kafa ƙungiyar Ƙananan 'Yan'uwan Yesu bisa gurbinsa, ta mata kuma a 1939, suka bazu cikin unguwannin matalauta a ƙasashe da yawa. An buga ƙamus ɗinsa cikin littafi 4 a 1951 da 1952, masu nazarin harshen da ake yi a Tazruk da Ideles suna komawa gare shi har yau. Ikkilisiyar Katolika ta sa shi cikin jerin tsarkakanta ran 15 ga Mayu, 2022.

An fara binne shi a Tamanrasset, kusa da inda ya faɗi, sa'an nan a 1929 aka kai ƙasusuwansa El Goleya, wadda yanzu ake kira El Meniya. Musa ag Amastan, da ya ji labarin mutuwar, ya sa aka rubuta wa ƙanwar Charles a Faransa wasiƙar ta'aziyya, ya gaya mata ya yi kuka saboda abokinsa.